Ƙotar Bahago

Ranar Laraba, bayan gidan burodi na Zongo,
gungumen ƙirya ya ƙi ni.
A sara na uku na ji ƙas! har cikin haƙori.
Ruwan gatari ya tsaya a icen shi kaɗai,
ni kuma tsaye da rabin ƙota.

Ta Nomau ce, wana.
Ya hau babbar motar Agadas,
ya ce in riƙe masa kafin kaka.
Gurbin yatsunsa na nan, baƙi, sumul da gumi.
Kaka huɗu ta zo ta wuce,
ban bar kowa ya kankare ta.

Alhamis na shiga Kasuwar Dole
da ƙarfen a ƙunshe cikin takardar siminti.
Tsoho Abarshi na inda ya saba,
hakiya ta cinye masa ido ɗaya,
ƙotoci jingine a bayansa kamar sahun masallaci.
Bai dubi ƙarfen ba. Ya ce, "Miƙo hannu."
Na miƙa dama.
"Ba wanda ke kai loma ba, wanda ke nemo ta."
Na miƙa hagu. Ya shafa kantar tafina, ya yi tsaki:
"Bahago kake, kana sara da ƙotar mai dama,
kuma dogo ne mai ita.
Kafaɗarka ce ke biyan rata."

Ya ture ta dogon yaro da ƙafa.
Ta gawo, bai ko taɓa ba.
Ya ɗauki biyu yana ƙwanƙwasawa a dutse, kunne a karkace:
ɗaya ta ce ɗum, ɗaya ta ce ƙal.
"Ɗanya ke cewa ɗum. Ran da ta bushe sai ta saki ƙarfe,
ya tashi sama ya nemi ɗan wani a bakin ƙofa."
Ya ba ni ta aduwa, saran bara daga gonakin Miriya,
wata tara tana kwance a inuwa.
Kanta ƙulli ne, inda reshe ya rabu da uwa,
nan jijiya ke murɗewa, nan ba ta tsagewa.
Ya auna daga hammatata zuwa kan yatsa,
ya sa gizago ya rage taƙi guda.
Jaka ɗaya da rabi. Na taya, ya yi dariya:
"Wanda ya rage wa ƙota kuɗi, hannunsa ya cuta."

A maƙera gawayin Ilu ya yi ƙasa,
yaron zuga-zugi ya tafi nema, shiru.
Ilu ya dubi guntun da na maƙale a hammata.
Bai ce komai ba.
Aka kira azahar daga Birni.
Ni da kaina na tura ta wuta.

Wutsiyar ƙarfe ta yi ja kamar barkono.
Ya huda, ya zare, ya mayar, sau uku, ba gaggawa:
rami in ya yi faɗi ba mai tsuke shi.
Ya ce hayaƙin aduwa haka yake da ido,
bai ɗago ya dube ni ba.
Da ƙarfen ya huce ya yi ta buga kan ƙota a uwar maƙera
har ya zauna daram.
"Kar ka jiƙa ta don ta kama, riƙon kwana ɗaya ne.
Shafa mata man gyaɗa, ka bar ta ta huta."

Asabar na koma wa gungumen.
A sara na biyar ya buɗe, cikinsa ja wur.
Ƙotar fara ce, ba ta san kowa ba,
ta tayar mini da bororo biyu a sabon wuri.
Da dare Tsahara ta kawo man zafi yadda ta saba,
na ce ta ajiye, yau kafaɗar ba ta yi magana ba.
Ta ce, "In Nomau ya zo fa?"
Na ce ƙarfensa na nan.
Abarshi ma na nan, in Allah ya kai mu.
Sai ya je ya miƙa nasa hannun
a auna masa wata.